Yaya Bai Taɓa Riƙe Takobi Ba

Shekara ashirin da huɗu Yayanmu ya yi yana guga a wani otal, kuma har yau idan ka zo gaishe shi sai ya fara duba wuyan rigarka kafin ya dubi fuskarka. Ɗakin aikinsu a ƙarƙashin bene yake, babu taga sai wata fanka mai kuka. Akwai ƙaton injin guga a tsakiya, mutum biyu su kama bakin zanin gado su cusa masa, ya fito ta baya a miƙe yana tururi. Nan Yaya ya shiga yana ɗan shekara goma sha tara, wata biyu bayan rasuwar Babanmu. Ya ninke takardunsa na makaranta ya sa a ƙasan akwati don ni da ƙanenmu Auta mu ci gaba da karatu. Bai taɓa yi mana gori ba. Da ni ce na yi wannan, da tuni unguwa ta haddace, don ba a banza ake kirana Barkono ba.

Daga otal ɗin ya kawo mana na'urar gem, irin wasan nan da ake haɗawa da talabijin. Wani baƙo ne ya manta ta a ɗaki, aka shekara ba wanda ya zo nema, manaja ya ce a zubar. Kaset ɗaya ne a cikinta, kashi na uku na wani dogon labari da yanzu ya haura kashi goma. Jarumai huɗu ne ke yawo gari gari, in sun haɗu da dodo a yi yaƙi bi da bi, kowa ya jira layinsa. Abin dannawa ɗaya muke da shi, sai mu riƙa miƙa wa juna. Ni na ƙwace mai takobi, Auta ya ɗauki mai baka, mai garkuwa muka ce na Mama ne ko da yake ba ta taɓa kallon talabijin ɗin sau biyu ba. Abin da ya rage shi ne mai magani, wanda ba ya sara ba ya harbi, aikinsa kawai ya tayar da wanda ya faɗi. Yaya ya ce a bar masa. Mun ɗauka rashin iyawa ne, har muna yi masa dariya.

Muka girma, kowa ya kama gabansa. Ni na buɗe shagon ɗinki, Auta ya samu aiki a wani kamfanin gini mai nisa. Da ciwon Mama ya yi tsanani, na kira Auta ya ce zai zo ƙarshen wata. Ba ta kai ƙarshen watan ba. Ya iso bayan an binne ta, da jakarsa a kafaɗa, ni kuma na dube shi a gaban mutane na ce, “Sannu da zuwa, baƙo. Wadda ka zo gani ta tafi.” Magana zarar bunu ce, shekara uku ba mu ƙara ce wa juna komai ba. Akwai kuma wani saƙo da Mama ta bar masa a wurina ni kaɗai, na riƙe shi ban bayar ba. Na san ban kyauta ba, amma girman kai rawanin tsiya, ni kuwa nawa na naɗa shi da kyau.

Ba irin rarrashin da Yaya bai yi ba. Ya zo shago ya zauna a kan benci, ya kira ni a waya, ya turo matarsa, wadda muke kira Madam. Na yi kunnen uwar shegu da su duka.

Wata rana ya zo ba da wannan maganar ba. Ya karɓi wayata wai zai duba wani abu, ya daɗe yana latse-latse, sai na ji wani kiɗa da rabona da shi tun ina sa rigar makaranta. Masu wancan gem ɗin ne suka fitar da ɗan ƙarami na waya. Ba ci gaban labarin ba ne, reshe ne kawai: garuruwan nan ne, jaruman nan ne, amma yanzu kowa da wayarsa yake riƙe jarumi ɗaya, ko yana wace duniya. Duk Asabar da ƙarfe huɗu na yamma wani babban dodo ke fitowa, kuma sai mutum huɗu suke iya tunkararsa. Yaya ya ce Madam ta karɓi garkuwa, takobi ne ba su da mai riƙewa. Ban tambayi wa ke riƙe da baka ba, shi ma bai faɗa ba.

Ranar Asabar ya haɗa mu a kira ɗaya don mu riƙa jin juna. Ina sa abin sauraro a kunne na ji tarin Auta. Saura kaɗan na kashe wayar, amma an riga an shiga fili, kuma ni ba na gudu a gaban dodo ko na ƙarya ne.

Haka muka yi wata bakwai, muna yaƙi kafaɗa da kafaɗa ba ma magana. In ina da abin faɗa sai in ce wa Yaya ya gaya wa mai baka ya daina ɓarnar kibiya kamar wanda aka ba kyauta. Auta ma sai ya ce a gaya wa mai takobi ba ita kaɗai ce a fili ba. Kowa na jin kowa, amma Yaya sai ya maimaita, ya bi maganar ya goge ta kamar yadda yake goge riga, ta iso ba ƙaya ko ɗaya: wai ni na ce harbin ya yi kyau, a dai ɗan rage. Madam ta sa masa suna Tafinta. An ce zumunci a ƙafa yake, namu ya koma babban yatsa.

Wata Alhamis bakin zani ya naɗe hannun Yaya na dama, injin guga ya ja. Abokin aikinsa ya kashe da sauri, amma zafin ƙarfen ya riga ya yi aikinsa. Ranar Asabar na same shi a gida, a kishingiɗe, hannun a naɗe har gwiwa. Ina yi masa sannu yana satar kallon agogon bango. Na hau shi da faɗa, na ce mutum da hannu a ƙone yana tunanin wasan yara. Ya bar ni na gama, sannan ya miƙo min wayarsa da hagu, ya ce in ba shi tawa. Wai mai magani sai da yatsu biyu, takobi kuwa maɓalli ɗaya ne, ko jariri zai iya. Na haɗiye wannan don ba shi da lafiya.

Ban taɓa ganin wasan daga wayarsa ba. A tawa dodo ne ke cika fuska. A tasa dodon ɗan mitsitsi ne can sama, abin da ya cika ido wasu layuka uku ne kore masu nuna sauran ran kowa, da sunaye a kai: Madam, Barkono, Autan Mama. Nasa layin yana can a lungu, sai ka nema. Na buɗe jakarsa na ga magunguna fal, waɗanda sai an bi daji an tsinko ganye ɗaya ɗaya ake haɗawa. Madam ta ce ai a lokacin hutun rana yake yi, a bakin matakala, abinci a cinya yana hucewa.

Aka fara. Nan na gane wahalar aikin. Idan mai baka zai ja babbar kibiya sai ya fito gaba, kuma dole mai magani ya rufe shi tun kafin ya fito, in ba haka ba dodo ya murƙushe shi. Yaya daga numfashin Auta yake ganewa. Ni ban sani ba, sai gani na yi Auta ya zube. Na tayar da shi, aka zagayo, layinsa ya koma ja, lokaci na tafiya. Na ce wa Yaya ya tambayi mai baka abin da zai yi.

“Yaƙi nake yi,” in ji Yaya, ko ɗago kai bai yi ba. “Mai takobi ba ya sauraron kowa. A wurinki na koya.”

Madam ta toshe baki. Saura daƙiƙa goma. Na ji kamar an ce in ɗauki keken ɗinkina da hannu ɗaya.

“Auta,” na ce, “gaba za ka yi ko baya?”

Sai muryar Auta ta zo min kai tsaye a kunne.

“Gaba, Yaya Ƙarama. Ki rufe ni.”

Shi kaɗai ke kirana haka a duniya. Na rufe shi, ya harba, kibiyar ta shiga. Amma dodon ya cinye mu a ƙarshe, don da layi ya zo kan mai takobi, maimakon ya sara, sai ya tsaya binciken jakata yana neman abin da zai miƙa wa Auta. Bai samu komai ba sai takubba. Yaya ya dube ni ya ce wata bakwai ko ƙwaya ɗaya ban taɓa ɗauka ba? Gaskiya ce. Tun muna yara ba wanda ya taɓa ɗaukar magani a cikinmu, tunda Yaya na nan.

Wasa ya ƙare, Auta bai kashe waya ba. Na fita baranda na jawo ƙofa. Na ba shi haƙuri a kan abin da na faɗa, ya ce ya wuce. Sai ya yi tambayar da na san shekara uku tana cinsa.

“Ta neme ni?”

Na gaya masa gaskiya. Mama ta neme shi, amma da na ce zan matsa masa ya taho sai ta riƙe hannuna ta ce kada a tayar masa da hankali, sabon aiki ne, a gaya masa ta yafe masa kuma tana alfahari da shi. Na ji ya ajiye wayar a kan wani abu. Ban kashe ba, na tsaya ina jin kukansa daga nesa, ni ma ina nawa.

Hannun Yaya ya warke, sai dai yatsu biyu ba sa lanƙwasa, don haka aka mayar da shi ɓangaren ninke tawul. Ya karɓe wayarsa, ya ce takobi ba abin da ke cikinsa sai gajiya. Ni dai yanzu ina ɗaukar magani, kuma layinsa nake fara dubawa. Ban san da wane baki zan gode masa ba. Ya ba mu karatunsa, ya ba mu hutun ranarsa, ya dawo min da ƙanena, duk ba tare da ya ɗaga murya ba. Allah ya saka masa da abin da mu ba za mu iya ba.

Ƙarshen watan Auta ya zo, kuma ni na je tasha na ɗauko shi. Da muka shiga tare, Yaya ya miƙe, ya kama wuyan rigar Auta da hannun nan mai tabo, ya duba, ya ce wane mugun ne ya yi masa wannan gugar. Muka yi dariya. Shi bai yi ba, kuma ya daɗe bai saki rigar ba.