Kakanmu mai haƙar rijiya ne, ba zan goge ba

"Goge wannan layin," in ji Baffa Sale, ya dangwala yatsa a kan takardar.

Muna zaune a zauren gidanmu a Gumel, ina karanta wa dangi salsalarmu da na haɗa. Sai da na je wani ƙauye bayan Ɗanzomo na durƙusa gaban tsofaffi kafin na samo labarin kakan babanmu, Tanko. Ya taso daga Damagaram lokacin da Turawa ke shata iyaka, ba shi da komai sai dagi da igiya. Haƙar rijiya ce sana'arsa.

Baffa ya ce, "Ka rubuta malami ne. Wa zai ga girmanmu in aka ji wannan?"

Na ce, "Baffa, Allah ya huci zuciyarka. Na sha ruwan rijiyar da ya haƙa, har yau Rijiyar Tanko ake ce mata. Bare sun riƙe sunansa, sai mu jininsa ne za mu binne shi?"

Ban goge ba, kuma ba zan goge ba.

Ku fa, wane kaka ake ɓoyewa a gidanku?