Akwatin Wifi da Ƙofar Zaure

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da ɗan faransancin da mushe, malaminmu na boko, ya dinga cusa mana da bulala kafin in gudu daga lakkol. Amma abin da akwatin wifi ya haddasa tsakanina da yayana, wannan kam ba zan manta da shi ba sai ranar da ƙasa ta rufe mini ido. Har yau idan na ji wani yana zuba yabon kayan zamani, sai in dube shi kawai in ce Allah ya kai shi inda na je.

Yayana ya daɗe a Libiya yana aikin gini. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ne ɗan fari, ni ne auta, matan da ke tsakaninmu kowace tana ɗakin mijinta. Ni aka bari a Tanut da Inna da gonar da babanmu ya bari wajen Falanko. Wato shi ya tafi neman arziki, ni kuma aka naɗa ni mai gadin talauci. Wata shekara ya aiko da kuɗi ya ce a sayi akwatin wifi, don ya riƙa ganin fuskar tsohuwa kowace Juma'a. Na sayo wani ɗan ƙarami fari, bai fi sabulun wanki girma ba, mai batir a cikinsa. Mai butik ya rantse mini cewa idan na kunna shi, har maƙwabcin maƙwabcina sai ya samu. Na saya masa layinsa, na daina sa wa salulata forfe, wato kuɗin intanet na waya, don ba zan biya sau biyu ba, ni ba gwamna ba ne.

Kun san halin iyayenmu mata da ɗan fari. Inna ko sunansa ba ta kamawa, "wancan" take ce masa. Idan fuskarsa ta fito a waya sai ta kau da kai tana gyara kallabi, kamar suruki ne ya yi sallama. Amma da aka zo maganar inda za a ajiye akwatin, sai ta ce ba zai kwana ko'ina ba sai ɗakinta. Ɗakin nata kuwa shi ne can ƙuryar gida. Ta ɗora shi a kan kabad bayan jeren kwanoninta, ta rufa masa ƙyalle mai ado kamar amarya.

Da farko abin gwanin sha'awa. Ana saukowa daga masallaci sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Inna, Yaya ya kira, waya ta shiga zagaye. Matata ta gaishe shi, yara su gaishe shi, ƙanwar babanmu ta shigo ita ma ta karɓi rabonta. A tambayi damina, a tambayi awaki, a tambayi wanda ya mutu da wadda ta haihu. Duk tsawon wannan gaisuwa hoto tas, har furfurar gemunsa kana gani.

Sai wata Juma'a, bayan an gama, ya ce, "Auta, ɗan tashi daga cikin mata, akwai magana."

To ina namiji zai je da magana in ba zaure ba? Zauren gidanmu kakanmu ne ya gina shi, katangar ƙasa ce mai kaurin da ko giwa ta jingina ba za ta motsa ba, ni kuma na ƙara masa ƙofar ƙarfe ta cikin gida saboda awaki. Na shiga, na tura ƙofa, na zauna, na ce, "To Yaya, ina jin ka."

Ya gyara murya ya ce, "Wato abin da ke akwai…" Shi ke nan. Fuskarsa ta daskare, baki a buɗe kamar akuya za ta yi atishawa, wani ɗan zobe ya hau juyawa a kan hancinsa. Kira ya mutu. Na jira, na girgiza wayar, na hura mata iska. Da na gaji na koma cikin gida, can sai ga shi ya sake kira, ya ga mata a bayana, ya ce a bari sai wani mako.

Wani makon haka. Na gaba ma haka. Na ce masa ya turo mini saƙon murya mana, ya ce wannan ba maganar da ake ajiyewa a waya ba ce. Masu wayo za su ce ai abin a fili yake. Haka ne, komai a fili yake bayan an gaya maka. Ni dai a zauren nan ina ganin alamar wifi a goshin wayata, saƙonni suna shigo mini jefi-jefi, ga kuma rantsuwar mai butik. Kuma rezon waya na garinmu dama ba ya buƙatar dalili kafin ya ɗauke, kamar jakin haya yake, inda ya ga dama nan yake tsayawa.

A raina na riga na yanke cewa maganar gona ce, Yaya yana son a raba ya sayar da nasa. Shi kuma a can ya yanke cewa na san abin da zai faɗa, shi ya sa nake kashe waya. Wata Juma'a, a gaban kowa, ya ce, "Auta, wannan waya taka malama ce. In gaisuwa ce lafiyarta ƙalau, in magana ce sai ta suma. Ita ta koya da kanta, ko kai ka koya mata?" Yara suka yi dariya. Ni ban yi ba. A gidanmu ko juya wa babba baya yana magana ba a yi, balle a rufe masa baki da ɗan yatsa.

Na koma wurin mai butik. Ya ce in kashe in kunna. Wannan shi ne iyakar iliminsu, kashe ka kunna. Da haka ake gyaran duniya, da tuni na kashe Tanut na sake kunna ta. Da hakan bai yi ba, ya ce wataƙila ana sha mini ne. Nan na tuna da samarin fada da ke dafa shayi a jikin katangata, kowa kai a sunkuye kan waya kamar masu tsintar gero. Na sa aka canza lambar sirri, na fita na wanke su tas, na haɗa har da uban ɗayansu, maƙwabcina, mutumin da ko kunna rediyo sai an taya shi. Muka daɗe ba ma gaisawa. Juma'a ta zo, na shiga zaure, Yaya ya buɗe baki, ya daskare.

Sai na ce to, ƙaramin abu ai ƙaramin aiki. Na hau mota na tafi Damagaram. Mai shagon da na shiga yana ganina ya kira ni Alhaji, ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba, daga nan ya kamata in gane cewa yanka ni za a yi. Ya jero mini akwatuna. Na nuna wani baƙi mai ƙahoni huɗu a miƙe, na ce wannan fa?

Ya ce, "Alhaji, ka san kaya! Wannan ko dutse ne sai ya huda shi."

Na ce, "Katangar ƙasa fa?"

Ya ce, "Ƙasa? Haba Alhaji, ƙasa ai abincinsa ce."

Ni da na tashi a cikin dabbobi, na san ba a sayen rago don ƙaho, sai an taɓa gadon baya an duba haƙori. Amma ranar ban tambayi ko yana da batir ba, ban ce in gwada in dawo da shi in bai yi ba. Na rungumo shi kamar jariri har gida. Inna ta karɓa, ta kai shi inda ɗan'uwansa yake, bayan kwanoni, ta nemo masa ƙyallen da ya fi girma. Juma'ar farko kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun hantsi, sarkin ƙahoni ya kwanta kamar gawa, ko gaisuwar ma ba a samu ba. Juma'a ta biyu akwai wuta. Na shiga zaure da ƙarfin gwiwa, na ce, "Yaya, yau kam faɗi duk abin da ke ranka, na sayo babba." Ya ce, "To, Alhamdu lillahi. Auta, ni dai…" Ya daskare.

Daga ranar bai ƙara kira ba. Na kira, ba ya ɗauka. Bayan wasu makonni wani direban babbar mota da ya sauko daga Agadas ya tsaya a ƙofar gidana, ko ruwa bai sha ba, ya ce, "Yayanka ya ce a gaya maka ya gane. Ka riƙe komai, ba zai sake damun ka ba."

Duk da haka kowace Juma'a sai Inna ta fito da tabarma da kanta ta shimfiɗa, ta zauna har la'asar, sannan ta naɗe. Tuwo ya fara dawowa daga ɗakinta kamar yadda aka kai shi. Sau ɗaya kawai ta dube ni ta ce, "Me ka yi wa wancan?" Ka ji fa. Ni da ke noma, ni da ke kai ta likita, ni ne kuma mai laifi.

Ina zaune ina zagin kamfani da duk wanda ya ƙirƙiro waya, matata tana tankaɗe, sai ta ce, ko kallona ba ta yi ba, "Ni dai Malam, a gabanmu ban taɓa ganin ta yanke ba. Sai ka kwashi sirrinka ka yi zaure."

Na ce mata ta ji da garinta. Amma da ta shiga madafa sai na ɗauki waya na tsaya a ƙofar Inna, na kunna wani bidiyon wa'azi, na fara tafiya a hankali ina kallon ƴan layukan nan masu kama da bakan gizo. A ƙofar Inna cike suke. Na wuce rumbu, ɗaya ya tafi. Na shiga zaure, saura ɗigo. Na tura ƙofar ƙarfe, malam ya daskare da yatsa a sama. Na buɗe na fito, ya ci gaba da wa'azinsa. Ashe ba kamfani ba ne, ba samarin fada ba ne, ba ƙanƙantar akwati ba ce. Kakanmu ne da katangarsa, da ni da ƙofata, da Inna da kwanoninta.

To na gano, amma wa zan gaya wa? Mutumin ba ya ɗaukar kirana. Na yi wa Inna bayani iya yadda zan iya. Ta miƙo hannu ta ce, "Danna mini shi, ka turo masa muryata." Na danna. Tsohuwar da tun da na yi wayo ban taɓa jin ta yi masa magana kai tsaye ba, ta kai waya bakinta ta ce, "Kai. Ka kira, ka saurari ƙanenka." Kafin ta sauke hannu ya kira.

Na riga na mayar da layi cikin ɗan farin akwatin mai batir. Na ce, "Yaya, kada ka ce komai, ka dube ni kawai." Na taka da wayar har zaure, na rufe ƙofa, kira ya yanke. Na dawo, na sake kira, na ce, "Ka gani?" Na sake yi. Sannan na shiga ɗakin Inna, na yaye ƙyalle, na ɗauki akwatin na jefa a aljihun rigata, na koma zaure da shi, na rufe ƙofa. Hoto ya tsaya daram. Na ce, "To, ga ni. In gonar ce, ɗauki duka, na gaji."

Ya ce, "Wace gona?"

Sai ya sauke wayar ƙasa. Shekara da shekaru fuskarsa kawai muke gani, ban taɓa tambayar kaina sauran jikin ba. Ƙafarsa na naɗe da tsumma, ta kumbura ta yi kamar turmi. Ya ce daga saman gini ya faɗo, tun kafin Juma'ar da ya fara ce mini akwai magana. Mai aikin ya sallame shi, ɗan abin da ya tara ya ƙare a magani da haya. So yake ya dawo gida, ba shi da na mota, kuma yana son wanda zai tare shi a Agadas. Ya ce, "Ba zan iya faɗin wannan a gaban matarka da ƴaƴanka ba, Auta. Kuma kada Inna ta ji." Sai ya fara kuka, babban mutum mai furfura.

Wallahi a lokacin na roƙi Allah abin nan ya yanke, ko na ɗan lokaci ne. Ina! Ranar ce ya tashi nuna gwaninta. Ko ƙyaftawa bai yi ba, kowane hawaye sai da ya kawo mini shi tas har cikin zaure.

Na sayar da geron da ke rumbu na tafi Agadas na ɗauko shi. Likita a Damagaram ya duba ya ce ƙashin ya riga ya haɗe a karkace, da an zo da wuri da an yi wani abu. Ban ce wifi ne ya karya masa ƙafa ba. Amma makonnin nan da na ɓata ina faɗa da maƙwabta ina sayen ƙahoni, a jikinsa aka biya su. Yau da sanda yake tafiya, magini da ba ya iya hawa ko kan jaki.

Yanzu idan wani ya zo yana tambayata wane akwati zai saya, wai ni na san harkar, sai in ce masa ya nemi mai batir, don wutar garin nan baƙuwa ce. Kada ya ƙirga ƙaho, kada ya saurari rantsuwa, ya ce sai ya gwada a gidansa. Ya rataye shi a tsakiyar gida a sarari, ba a bayan kwanoni ba, sannan ya zagaya da waya ɗaki-ɗaki ya ga inda take mutuwa kafin ya zagi kowa. Wannan duk mai sauƙi ne. Babban abin da na koya shi ne, idan ɗan'uwanka ya ce akwai magana, kada ka bar ta ta kwana, kuma kada ka ƙarasa masa ita a zuciyarka. Ka ji ta ko a gaban mata ne, ko a tsakiyar kasuwa. Katangar zaure na iya zagaye ta da ƙafa. Kunyarsa da zatona su ne suka fi ta kauri.