Yaron da Baba Soja ya ɓatar

Ranar Litinin ɗin farko bayan ƙaramar Sallah, shekarar da aka sa ni a makarantar boko, na fito daga lungunmu na Zango da sabon yunifom, kitsona ɗanye, kunnuwana da 'yan kunne. Ina zuwa bakin babban titi sai na ji usur, wani dogon tsoho mai tsohuwar hular soja ya daka mini tsawa: "Kai, yaro, saya nan!" Na waiga ina neman yaron, ban ga kowa ba. Ya zo ya kama hannuna na hagu, ya juya bayansa ya duba, sannan ya ɗaga sandarsa, motocin haya na trotro suka tsaya cak, ya tsallakar da ni. Na isa aji ina shafa 'yan kunnena don in tabbatar ba su faɗi ba.

Wannan shi ne Baba Soja. Mutumin arewacin Gana ne, a bariki ya koyi Hausa, shi ya sa bakinsa bai san "ta" ba, kowa "ya" ne, har akuya mai ciki. Ba wanda ya ɗauke shi aiki. Da safe yana tsallakar da mu, ranar Asabar shi ne a gaba wajen yashe kwata, in an yi rasuwa kafin a gama wankan gawa ya riga kowa zuwa maƙabarta da shebur. Mu yara muna jin tsoronsa, muna kuma son sa. In muna buga ampe, wasan tsalle da tafi, a ƙofar gida ya wuce, sai mu daina tafi mu ƙame, shi kuwa ya sara mana da gaske kamar wasu hafsoshi. Abin da na kasa ganewa shi ne duba hannun nan, don duk baƙon yaro sai ya juya masa hannun hagu.

A wajen daka sakwara na ji dalili daga bakin matan gidanmu. Wai an tura su Baba Soja aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje, ya bar matarsa da ɗa mai rarrafe. Kafin ya dawo matar ta rasu, danginta sun kwashe ɗan sun tashi, ba wanda ya san inda suka nufa. Abin da ya riƙe kawai shi ne sunan ɗan da tabon ƙunar buta a bayan hannun hagu. "Yaro na Azumi ya bata," haka yake faɗa wa kowa. Mutanen Zango suka ce ai Ɗan'azumi yake nufi, ya guntule sunan ne kamar yadda yake guntule komai. Aka yi ta cigiya a masallatai. Direbobi suka duba yaran mota, mahauta suka duba masu fiɗa, har Asokore Mampong an je ganin wani makaniki mai tabo, aka tarar nasa a dama yake. Shekaru suka yi ta wucewa, yaron da ake nema ya isa aure, Baba Soja bai daina juya hannun ƙananan yara ba.

Ni kuwa abin da ya dame ni daban ne. Na gaji da zama yaro kullum safiya. Wata rana ina tsince wa kakata shinkafa, wadda iyayenta suka zo da ita daga Nijar kuma Hausarta ba ta gauraya ba, na kai mata ƙara. "Iya, me ya sa Baba Soja yake ce mini yaro? Bai ga ni mace ba ce?" Ta yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ta ajiye faifai, ta yafa mayafi, ta ja ni har bakin titi.

"Baba, wannan Azumin taka, namiji ne ko mace?"

Ya dube ta da mamaki. "Mace ne mana. Tun da can mace ne."

Iya ta dafe kai tana salati. Ni na tsaya ina kallonsu, ban gane abin da na yi ba, har na ɗauka laifi ne.

Cigiyar ta koma hannun mata, a gidajen suna da wajen kitso. Kafin azumi ya zagayo aka samo wata mai sayar da koko a unguwar Sofoline, tana goye da ɗa, tabon yana nan a hannun hagu. Ranar da aka kawo ta, Baba Soja ya juya hannun, ya daɗe yana kallo, ya rasa abin yi, sai ya ƙame ya sara mata, hawaye na bin gemunsa. "Yaro na ya dawo," in ji shi.

Har yau ina rasa wa zan ɗora wa laifin shekarun nan, shi da bai iya "ta" ba, ko mu da muka san bakinsa sarai amma ba mu tambaya ba. Baba Soja ya rasu, titin ya ƙara faɗi, yara suna tsallakawa da gudu ba mai riƙe musu hannu. Ni yanzu ina koyarwa, kuma ba na ɗaga wa ɗalibi ƙafa in ya ce wa mace "ya". Amma duk sanda na sayi koko a wajen Azumi, a zuciyata ba na iya cewa ta dawo. Ya dawo nake cewa.