Saƙonnin da suka maƙale a wayar mahaifiyata

Shekarun baya, kafin in koyi tsayawa in saurari mahaifiyata idan ta ce wani abu ya lalace, an yi mata wani sharri a unguwar Zongo wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Kuma ba zan wanke kaina ba, da hannuna a ciki dumu-dumu.

A Zongo aka haifi mahaifiyata, a nan ta yi aure, a nan ta haife mu. Bayan rasuwar mahaifinmu yayana ya gama gininsa a Totsi, wata unguwa a wani ɓangaren garin, ya matsa mata sai ta koma wurinsa. Ta koma ba don ranta ya so ba. Tun daga ranar wasu matan unguwa suka laƙaba mata Hajiyar Totsi, wai wasa ne, amma irin wasan da ake yi ana kallon gefen ido. Abin da ya riƙe ta da Zongo shi ne aminiyarta, wadda muke kira Goggo duk da babu dangin iya babu na baba. Tare suka yi tallan koko suna 'yan mata, kuma ba a taɓa yin suna ko biki ko mutuwa a gidan ɗaya ba tare da ɗayar ce ke riƙe da ludayi ba.

Su biyun babu mai karanta boko, don haka saƙon murya ya zame musu hanya. Kullum bayan ta idar da lazimin safe, mahaifiyata za ta ɗaga waya daidai bakinta kamar za ta sha miya a faranti, ta danna, ta yi ta zuba. Goggo ta mayar mata kafin rana ta yi zafi.

Sai aka tashi bikin 'yar ƙanenta a Sakkwato, can ƙetaren iyakar ƙasarmu, ta tafi. A can wani ya sa mata layin ƙasar, ya yi 'yan danne-dannensa don ta riƙa samun saƙo. Ta dawo da ƙafafu a kumbure saboda doguwar tafiyar mota, yayana ya mayar mata da layinta na nan, ya ce ta zauna ta huta. Kira yana shiga yana fita lafiya lau. Ranar da ta iso ma ta kira Goggo, suka gaisa a gurguje don kada kuɗin waya ya gudu, ta ce mata sauran labari yana nan tafe a saƙo.

Bayan kwana biyu ta ce mini wayar ta yi shiru. Ni lokacin ina unguwar Bè-Kpota da mijina, ina aiki a wani ofishin masu fito da kaya daga tashar jirgin ruwa. Daga kan kujerata na saya mata data na ce an gama. Ta sake faɗa, na ce kamfani ne, rezo, wato sabis ɗin waya, ba shi da kyau a garin gaba ɗaya. Karo na uku ina zaune a gabanta, wayar tana kan tabarma tsakanina da ita, ko ɗagawa ban yi ba. Na ce mata, Allah ya yafe mini, ai mutane suna da abin yi, ba kullum za a yi ta surutu a waya ba. Ni mai takardun makaranta, mai wuni a gaban kwamfuta, amsar da na ba uwata ke nan.

Wata safiya matar yayana ta je babbar kasuwa, ta ci karo da wata 'yar Zongo. Ta gaishe ta, matar ta dube ta sama da ƙasa ta ce ashe muna raye. A nan ta ji cewa mijin Goggo ya rasu, ranar kwana goma sha ɗaya ke nan. Jinyar kwana huɗu ya yi. An yi jana'iza, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, duk babu aminiyar shekara arba'in.

Mahaifiyata ta yi salati ta kira Goggo. Babbar 'yar Goggo ce ta ɗauka, ta ce Mma ba ta iya magana yanzu, ta kashe. Kafin yayana ya kira ni a ofis, matarsa ta riga ta tono sauran zancen. Wai an tura wa mahaifiyata saƙo ya fi a ƙirga, duk suka tsaya da maki ɗaya, ba su shiga ba. Sai wata masaniya a cikin matan ta yi fatawa cewa maki ɗaya alamar an yi maka buloke ne, wato an toshe ka. Shi ke nan, aka yanke hukunci. Hajiyar Totsi ta hau bene, ta toshe talakawa.

Nan ne jinina yake tafasa har yau. Totsi ba bayan duniya ba ce. Ɗan zem, wato ɗan acaɓa, zai kai ka a ƙasa da rabin awa. Lambarta tana aiki, da mutum ɗaya ya danna kira da ta ɗauka. Muna yara, in aka yi mutuwa a Zongo, mutum ake tashi ya bi gida gida, har unguwar Djidjolé mai nisa ake zuwa a ƙafa a faɗa wa wanda ya tashi daga unguwa. Amma matan nan, da suka samu kuɗin kiran junansu su yi ta ce wai ta toshe mu, babu wadda ta samu na kiran ta ta ce ke, lafiya? Ina ganin labarin ne ya yi musu daɗi, ba su so kira ya ɓata shi.

Ina haɗa jakata zan fita, abokiyar aikina, wata 'yar ƙabilar Ewe mai haƙuri, ta tambaye ni abin da ya faru. Da na ba ta labari sai ta ce sauya layin da aka yi ne ya rikita wayar, ta mijinta ma ta taɓa yin haka da ya dawo daga Ghana. Ta nuna mini a tata wayar: in shiga saiti, in je wurin da ake mayar da abubuwa yadda suke tun farko, in zaɓi na rezo kaɗai. Ta ja mini kunne kada in kuskura in taɓa na kusa da shi, wanda ke share komai. Ta ce hoto ba zai ɓace ba, lamba ba za ta ɓace ba, iyaka wayar ta manta makullin wifi in akwai.

Da azahar na isa Totsi. Na tarar da mahaifiyata ta yi shiri tsaf da mayafinta, tana jirana, don ta ce ba za ta iya shiga gidan makokin ita kaɗai ba. Na ce ta ba ni minti ɗaya. Minti ɗayan kuwa aka yi. Na danna, wayar ta mutu ta tashi, sai ta kama rawa a hannuna kamar injin markaɗe. Saƙonni suka yi ta faɗowa.

Ta ce in kunna mata na Goggo, daga farko. Na farko muryarta a natse, tana cewa Alhaji ba ya jin daɗi, sun kai shi asibiti, a sa shi a addu'a. Na biyu ta ce jikin ya ƙi. Na uku gajere ne: “Ƙawa, ki zo. Ko da ƙafar ce ki zo, ni kaɗai ce.” Na huɗu babu magana a cikinsa, kuka ne kawai da hayaniyar mutane. Daga nan 'yar ta karɓa, ta faɗi lokacin jana'iza, ta faɗi ranar sadaka. Na ƙarshe ta ce sun gode, Allah ya bar Hajiya da benenta. Hawayen mahaifiyata suka yi ta sauka a kan mayafin.

Muna cikin wannan ban lura da abin da wayar ke yi ta ɗaya ɓangaren ba. Ashe duk kwanakin nan mahaifiyata ba ta fasa saƙon safiyarta ba. Tana dannawa, tana magana, tana ɗauka ya tafi, alhali suna nan jere da ɗan hoton agogo a gefensu. Rezo na dawowa suka kwashe gaba ɗaya suka tafi, goma sha huɗu, a lokaci guda. Kafin in ankara har an buɗe na farko.

Na kunna shi. Mahaifiyata ce tana dariya, tana ba da labarin amarya, har da guɗa. Sannan ta ce: “Ki gaya wa angon nan naki mai furfura na kawo masa kilishin Sakkwato, in dai haƙoran za su iya.”

Ba a yi minti biyar ba 'yar Goggo ta kira. Ashe ta ga saƙo ya shigo, ta ɗauka ban haƙuri ne, ta kunna shi a tsakar gida a gaban masu zaman makoki. “Hajiya, abin har ya kai ga izgili? Babanmu bai yi sati biyu a ƙasa ba kike aiko mana guɗa?” Ta kashe tun kafin a ba ta amsa. Gyaran da na yi da minti ɗaya ya ƙara wa wutar fetur.

A cikin tasi, a hanyar Zongo, na yi ta shirya jawabi. Zan nuna musu cewa saƙon da aka tura wa wanda ya toshe ka ba ya taɓa shiga, ga nasu kuwa duk sun shigo. Zan nuna ranakun. Mahaifiyata ta bari na gama, sannan ta ce, “Ba kotu za mu je ba. Gaisuwar mutuwa za mu je.”

Mun yi sallama, aka amsa da hanci. Mata cike da tsakar gida, waɗanda mahaifiyata ta yi wa wankan jego, waɗanda ta yi wa girkin biki, babu wadda ta matsa mata a tabarma. Masaniyar nan ta ce, ba tare da ta dube mu ba, yau an sauko daga sama ke nan. Ai kuwa na manta da gargaɗin da aka yi mini. Na ɗaga waya sama na shiga bayani, Hausa tana ƙare mini ina cikowa da Faransanci, ina maganar maki ɗaya da maki biyu a gidan da aka fitar da gawa. Wata tsohuwa ta bari na kai aya ta ce, “To madam, mun ji lakca.” Mahaifiyata ta ja bakin zanena, muka wuce ciki.

Goggo tana zaune a ƙasa cikin kayan takaba, ta rame, wayar tana kan cinyarta. Ashe ta sa an karɓo mata ita daga hannun 'yarta. Na waje sun ji saƙon farko sun tsaya a nan. Ita ta saurare su duka goma sha huɗun, bi da bi. Ta ji dariyar tana raguwa kullum. Ta ji inda mahaifiyata ta fara tambaya ko lafiya, ta ji inda ta yi fushi ta ce in an gaji da ita a faɗa mata.

Mahaifiyata ta durƙusa ta yi mata gaisuwa. Sai Goggo ta danna saƙo na shida. Muka ji mahaifiyata tana cewa, “Ƙawa, in laifi na yi miki ki gaya mini. Shirun nan ya hana ni cin abinci.”

Goggo ta dube ni ta ce, “Ke mai boko, wannan wace rana ta yi shi?”

Na duba a wayarmu na faɗa mata. Ta ƙirga da yatsu, ta ce ranar sadakar uku ce. Ta ce a ranar tana nan zaune tana kallon ƙofa, duk wadda ta ɗaga labule sai ta ɗauka mahaifiyata ce. Daga nan ta gyara zama, ta buɗe wuri a tabarmar, ta ce wa mahaifiyata, “Tashi daga ƙasa, ƙafarki ba lafiya.” Mahaifiyata ba ta koma Totsi ba sai bayan arba'in.

Cikin matan nan har yau babu wadda ta zo ta ce ta yi kuskure. Masaniyar ma cewa ta yi ai ita abin da ta gani ta faɗa. Muna haɗuwa a biki, ta gaishe ni, in amsa, amma Allah ya sani ba har zuciya ba. Na kasa gane yadda ɗan maki a fuskar waya ya fi shekara arba'in nauyi a wurin mutanen da suka san mahaifiyata tun tana yarinya. Sai dai duk lokacin da fushin ya taso, yana biyowa ta kaina kafin ya wuce. Su ba su kira ba, ni kuma wayar tana gabana ban ɗaga ba. Mahaifiyata ba ta taɓa yi mini gori a kai ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Daga baya, da Goggo ta sauya waya, ni ta kira in kwashe mata kayanta zuwa sabuwar. Na ga saƙon nan na farko, mai guɗa da kilishi, wanda ya kusa raba su. Na ce bari in share mata shi, tunda ba abin tunawa ba ne. Ta riƙe hannuna. Ta ce tun ranar da ya rasu kowa marigayi yake ce masa, kowa Allah ya jiƙansa. Ta ce a duk garin nan, a cikin saƙon nan ne kaɗai ake tsokanarsa yana da rai.