Bokitin Kawu

Jiya ina juya ƙasar tumatir ɗina a Jabi, sai ga tana ta fito. Nan take na tuna Kawu.

A gidansa na Kwali ya hudahuda tsohon bokiti, ya zuba ƙasa da ɓawon ayaba, ya saki tana a ciki don su yi masa takin lambu, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu. In na yatsina fuska sai ya ce, "Ciyar da su, 'yata. Wata rana mu ne abincinsu."

Ranar sadakar ukunsa, masu wanke-wanke suka zaci shara ce, suka tuttula ruwan sabulu mai zafi a ciki. Da na ɗaga buhun, ko ɗaya ba ta motsi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa ƙasar da yake kwance a ciki.