Labbo Testa da Batirin Ƙirjinsa

Labbo Testa ba ya gaisawa da mutum sai ya gama gaisawa da kayan wutar gidansa. Ku da kuka san shi kun san ban ƙara gishiri ba. Zai yi sallama, ka amsa, ka miƙa masa hannu, shi kuwa ya wuce ka, ya zaro 'yar testar nan mai jan kai daga naɗin hularsa, ya dangwala ta a jikin fanka, ya dangwala a soket, ya leƙa bayan rediyo. Sai ya ga 'yar fitilarta ta kama ko ta ƙi, sannan ya juyo ya ce, "To, yanzu ina kwana?" Ranar da muka je gaisuwar mutuwa a Bakura ma sai da ya gwada makunnin zauren kafin ya ɗaga hannu addu'a. Na ce masa, "Labbo, ka ji tsoron Allah, gidan makoki na hwa!" Ya ce, "Shi yas sa. So kaka yi su ƙara wata gawa?"

Ni Mande taubashinsa ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, kuma har ya koma ga Allah ba mu gama shari'ar wane ne bawan wani ba. Ni manomin shinkafa ne, abin da na sani ke nan. Shi ma da manomi zai zama, sai ruwan Bakolori ya shanye gonar ubansa a gefen Maradun lokacin da aka datse gulbi. Wasu suka yi ta kuka, wasu suka bar ƙasar. Labbo ya shiga lebura wurin Turawan dam, yana jan waya a kafaɗa, yana satar kallon hannunsu. Da suka tattara suka tafi, suka bar mana kanal na ban ruwa, suka bar mana Labbo da ciwon son wuta. Ya buɗe rumfar gyara a Talata Mafara, gidansa kuma ya zama makabartar rediyo da fanka da tsofaffin lasifika, har matarsa Ige ta rasa inda za ta aje turmi.

Ga tsumulmula, wayyo! Labbo bai taɓa jefar da batir ba. In batirin rediyo ya ƙare sai ya cije shi, ya jera a kan rufin kwano rana ta buge shi, ya mayar. In ka yi magana ya ce, "Batir ba shi mutuwa, bawa. Suma shika yi."

Kun tuna firijinsa? Wani tsohon jibgegen abu da ya tsinto, ya tayar da shi, Ige tana ƙanƙarar sayarwa a ciki. Firijin nan jan mutum yake yi. Duk wanda ya kama marfinsa ba takalmi sai ya yi rawar da bai shirya ba. Ni da kaina na je ɗaukar ruwan sanyi ya fizge ni, kofi ya yi gabas na yi yamma. Na ce, "Kai mai gyara na, ka gyara abin ga mana kahin shi kashe wani!" Yana dariya har da riƙe ciki ya ce, "In gyara mi? Firijin ga shi ka gadin kanshi. Tun da nik kawo shi ko ƙanƙara guda ba ta ɓace ba."

To, haka muke har ciwo ya zo. Sai ya riƙa jin jiri, yana tsaye sai a ga ya sulale. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi rubutu, ba sauƙi. Daga ƙarshe dangi suka haɗu muka kai shi wani babban asibiti mai nisa, ni na raka shi. Suka ce zuciyarsa ce take jinkirin bugawa, wani lokaci har ta tsaya hutu. Suka tsaga ƙasan ƙashin wuyansa suka saka masa wata 'yar na'ura mai batir wadda za ta riƙa tunatar da zuciyar aikinta. Kafin a sallame mu likita ya zaunar da mu ya yi bayani a hankali. Ya ce mayen ƙarfe da lasifika da irinsu kada su matsi ƙirjinsa, a bar tazarar tafin hannu. Kada ya yi walda, kada ya sunkuya a kan janareto yana aiki, kuma duk wani kayan wuta mai jan mutum ya yi nesa da shi, don na'urar tana iya ruɗewa ta ɗauka zuciya ta buga alhali ba ta buga ba. Sauran kayan gida masu lafiya kuwa ba komai.

Labbo bai ji ko rabi ba, idonsa na ƙyalli kamar an ba yaro sabuwar riga. Ya ce, "Likita, batirin ga in ya yi sanyi, ƙaƙa za a yi? Ni za a shanya bisa kwano?" Likitan nan sai da ya cire tabarau ya share hawaye.

Da muka dawo, kai, ba a magana! Duk Mafara ba wanda bai shafa ƙullutun nan na ƙirjinsa ba. A majalisar mai shayi yake buɗe riga yana cewa, "Ku duk da tuwo kuka aiki. Ni da batir nika aiki!" Ban taɓa ganin mutumin da aka yanka yana alfahari irin haka ba.

Murnar ba ta daɗe ba. Wata ranar kasuwa da azahar ya dawo gida, ya yi alwala, ƙafa jiƙe ba takalmi, ya kama marfin firijin nan zai sha ruwa. Da can in firijin ya ja shi tsaki kawai yake yi. Ran nan Ige ta ji ƙarar faɗuwa, ta fito ta same shi shimfiɗe a ƙasa, ido a kafe. Ta kurma ihu, maƙwabta suka cika gida, wasu har sun fara salati. Can sai ya ja dogon numfashi ya buɗe ido, ya dubi firijin ya ce, "Ni ma? Ni da nit tashe ka?"

Mutane suka yi dariya. Ige ba ta yi ba, kuma daga ranar ban ƙara ganin haƙorinta ba. Matar nan ta tsorata iyakar tsorata, ban kuma ga laifinta ba, ta ga mijinta ya mutu ya dawo a gabanta. Washegari aka fitar da firiji. Aka bi da fanka, aka bi da dutsen guga, aka bi da tulin lasifikan nan. Na ce mata, "Ige, likita tahin hannu yac ce." Ta ce, "Tahin hannun wa? Ni ban yarda da tahin hannu ba, kamu guda za a yi." Da maganar ta fita waje, maƙwabta suka mai da kamu ya zama tsawon tabarma. Kafin ta kai bakin tasha ta zama tsawon igiyar guga. Wata tsohuwa ma ta rantse cewa in aka kunna tocila a fuskarsa faɗuwa zai yi.

Rediyon da yake kwanciya da shi a kan ƙirji yana jin labaran duniya, Ige ta rataye shi can a reshen dalbejiya a tsakar gida. In zai canja tasha sai ya ɗauko gorar kaɗo mangwaro yana zungura daga nesa, yana zagin gorar. Rumfar gyara kuwa ya ce ba zai rufe ba, ko za a kashe shi. Sai ya ƙirƙiro dabara: ya zauna a kan benci a tsallaken hanya, ni kuma, da yatsun nan nawa da laka ta kumbura, ya dasa ni a cikin rumfa in zama hannunsa. Yana daga can yana ihu, "Jar waya, bawa! Jar! Wagga jar ta? Kai, wa yah haihe ka da ido?" Na haɗa abin da na ga dama, rediyon wani mahauci ya yi tartsatsi ya tashi da hayaƙi. Mahaucin ya ɗauki gawar rediyonsa ya tafi. Labbo ya dafe kai ya ce, "Wallahi da akuya nis sa da ta hi ka, ita ko cin wayar ta yi." Cikin 'yan makonni ba mai kawo gyara. Wa zai kai kayansa wurin makanikin da ba ya taɓawa?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda garin ya so shi har ya kashe shi da rai. Ba wanda ya yi da mugunta. In ya doso majalisar mai shayi, sai ka ji an ce, "Ga Labbo nan, kashe rediyo!" Ana tsakiyar labarai sai shiru. In ya biyo ta gaban mai niƙa, a kashe inji, mata su tsaya da kwanoninsu suna jira ya wuce. Wanzamin zamani ya ɓoye injin askinsa a bayansa kamar ya yi sata. An yi suna a gidan ƙanena, ana ta kiɗa a lasifika, yara na rawa, Labbo na shigowa aka zare waya, kowa ya tsaya yana kallonsa yana murmushin tausayi. Bai ko zauna ba, ya yi barka ya juya. A masallacin unguwa ma aka ware masa can ƙarshen sahu, kusa da takalma, nesa da lasifikar da shi ya ɗaura ta da hannunsa.

Muna dawowa daga masallacin wata Juma'a ya ce mini, "Mande, ka lura? Da in an gan ni cewa aka yi wuta ta zo. Yanzu ni na ɗauke wutar garin ga."

Na yi faɗa, Allah ya sani. Na bi mutane ina cewa ba haka likita ya ce ba, ina wurin, da kunnena na ji. Sai a ce, "To in ya hwaɗi kai za ka tashe shi?" Shi ma ba ya taimakon kansa, don sau biyu ana kama shi ya lallaɓa bayan shagon mai walda yana leƙe, kamar mai azumi a bakin tukubar tsire. Da Ige ta ji, ta tara 'ya'yansa aka yanke shawarar a mai da shi Tsibiri wurin babbar 'yarsa, inda a lokacin ko turken waya babu. Wai can ne zai zauna lafiya.

Ni na kai shi. Da muka zo inda ake hango ruwan dam ya ce a tsaya. Ya sauka ya daɗe yana kallon ruwan, hannu a baya. Ya ce, "Gonar baba tana nan ƙasa. Da ruwa yac ci ta, cewa niy yi ba komi, ai ga wuta, na samu abin yi. Yanzu wutar ma an ce kar in taɓa. To mi yar rage, Mande?" Na ce, "Rai ya rage." Ya ce, "Awo. Shi ɗai."

A Tsibiri ba abin da ya rasa na ci da sha, 'yarsa ta riƙe shi da kyau. Amma duk zuwan da na yi sai in ga ya ƙara ƙanƙancewa. Yana zaune a gindin bango, hannayensa a kan gwiwa, yatsun suna motsi su kaɗai kamar masu murɗa waya. Ya daina kirana bawa. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Zuwana na ƙarshe, da damina, ya kama hannuna ya ɗora a kan ƙullutun ƙirjinsa. Ya ce, "Kana jin wani ƙara?" Na ce a'a. Ya ce, "Ka gani? Ko ƙis. Shekaru yana aiki, ba zahi, ba ƙara, ba a taɓa ko goge mai ƙura ba. Wanda yay yi abin ga gwani na. Ka san abin da ka cin raina? Duk rediyon da yaz zo hannuna sai da nib buɗe nig ga cikinshi. Wanga yana cikin jikina, ina kwana da shi ina tashi da shi, ban taɓa ganin ko bayanshi ba." Sannan ya ce, "In na riga ka, ka sa a hiddo shi ka buɗe ka duba min." Na ce, "Ni da ban san jar waya ba?" Ya yi 'yar dariya, ita ce ta ƙarshe da na ji daga bakinsa.

Ba firiji ya kashe Labbo ba, ba lasifika ba, ba walda ba. Zazzaɓi ne na damina, irin wanda ke kama kowa, ga hanya ta lalace, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Ina cikin masu wankansa. Da hannuna ya kai kan ƙullutun sai na tsaya, na faɗa wa liman wasiyyarsa. Liman ya girgiza kai ya ce ba a tsaga gawa don kallo, a bar bawan Allah ya tafi da abinsa. Ban yi musu ba. Muka naɗe shi da shi, muka kai shi. Na'urar da ya fi so a duniya, wadda ita ce ta raba shi da duk sauran, ita kaɗai aka bar masa, kuma har ya tafi bai ga cikinta ba.

Allah Ka jiƙan Labbo, Ka yafe masa taurin kansa da dariyar da ya yi wa waɗanda firijinsa ya ja. Ya Ubangiji, bawanKa ne, ba nawa ba, yau na sallama. Ya daɗe zaune cikin shiru da duhu tun kafin ya zo gare Ka. Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka masa shi, Ka sa shi cikin jama'ar da ba za su yi shiru don ya iso ba. Amin.