Tabarmata a bakin kanal

A shekarun da jam'iyyu suka yi yawa, sojoji na shiga suna fita, abin ya iso har gonakinmu na rani a Jiratawa. Da can ruwan pompo, injin ban-ruwa, layi-layi yake tafiya, kowa da ranarsa. Da kuran, wutar lantarkin da ke tada pompo, ya fara yankewa, shugabannin koperatif, ƙungiyarmu ta manoma, kuma suka rabu gida biyu, sai kowa ya koma buɗe ruwa ranar da ba tasa ba. Gonata tana can wutsiyar kanal, hanyar da ruwan ke bi. Zogalena ya fara zubar da ganye, albasa ta kwanta.

Ɗana da ke Sabon Gari a Maraɗi ya ce in saki gonar in dawo wajensa in huta. Ni kuwa gonar nan ita ce abin da ya rage mini na kaina.

Abin da ya ɗaure ni shi ne, wanda ke tare ruwana mijin ɗiyata ne, gonarsa tana sama da tawa. Surukina. Ban iya kiran sunansa, balle in tsaya gabansa da ƙorafi.

Hutun lakkol, wato makarantar boko, ya kawo mini jikoki biyu daga Yamai, taubasan juna: ɗiyar ɗana, wadda ta karanci lissafi, da ɗan ɗiyata ta Tibiri, mai yawo da ordinater, kwamfutar nan tasu, a jaka. Dukansu sun ce karatunsu kan yadda mugun hali ke yaɗuwa cikin mutane ne. Suka ɗauki maganar ruwana kamar an ba su tuwo.

Yarinyar ta yi rubutunta da gawayi a bangon zaure. Ta bayyana mini cewa ita ba ta duban wane da wane, jama'a take dubawa a dunƙule, kamar hatsi a ƙwarya. In masu satar ruwa suka wuce wani mizani, mai gaskiya ya zama shi ne mai asara, to kowa zai bi. Ta ce Jiratawa ta riga ta wuce mizanin.

Yaron ya yi mata dariya, ya ce ta niƙe mutane ta mai da su gari. Shi cikin na'urarsa ya zana kanal, ya zuba 'yan ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo manomi ne mai kallon maƙwabcinsa, mai satar ruwa ja, mai gaskiya kore. Ya sake su. Na zauna na ga ja yana cinye kore. Ya sake sakinsu, aka samu wani abu dabam. Ita kuma ta ce abin da ke canza magana kowace safiya ai boka ne, ya je Tibiri ya buɗe rumfa.

Na bar su suka gaji, sannan na tambayi yaron mi ya sa wani lungu ke zama kore alhali ko'ina ya yi ja. Ya duba, ya ce a wajen akwai ɗigon da ba ya barin bakin ruwa, na kusa da shi kuwa ba sa sata in ana ganinsu.

Na ce, "Maigida, zama kawai yake yi?"

Ya ce, "Zama kawai, Tsohuwa."

Ranar layina na ɗauki tabarma da buta da carbi, na shimfiɗa dab da inda surukina ke toshe ruwa. Da hantsi ya taho da fartanya a kafaɗa. Da ya hango ni, ya tsaya, ya cire takalmi, ya durƙusa can nesa ya gaishe ni, kansa a ƙasa. Na amsa ina kallon gefe. Suruki ba ya ratsa gaban uwar matarsa ya sunkuya yana aiki. Ya juya ya tafi cire ciyawa.

Ruwa ya wuce ta gabana, ya gangara wutsiya. Wata tsohuwa da ta ga haka ta kawo tata tabarmar a mako na gaba.

Sauran layuka suka ci gaba da rikicinsu har damina ta sauka, yadda yarinyar ta faɗa tun farko. Namu layin ya tsira. Na aika wa ɗana buhun albasa a kan kabu-kabu, na ce a gaya masa ina nan Jiratawa.